Gaisuwar Sallah daga Hong Kong

Hong Kong, Shawwal 1442 (Mayu 2021)

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna nan lafiya. Barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana.

Inna, da muka yi waya ranar Idi kin tambaye ni har sau uku me na ci, layi yana ta yankewa. Ga amsar nan a rubuce, Auta ya karanta miki a tsanake, kada ya tsallake ko layi ɗaya.

Wannan ce Sallah ta uku da na yi ba a gida ba. Baba ya san dalili, cutar korona ce: duk wanda ya fita ya dawo garin nan, kwana 21 zai yi a killace a ɗakin otal, kuma daga aljihunsa. Idi kuwa mun yi shi da takunkumi a fuska, kowa da dardumarsa, sahu da tazarar da akuya za ta ratsa ba ta taɓa kowa ba. Aka sallame, ba musabaha, sai ɗaga hannu daga nesa. Na koma ɗaki na dafa taliya. Wannan ne abin da ban so faɗa miki a waya ba.

Washegari ne muka yi Sallarmu ta gaske. Mu biyar ne da muka saba buɗe baki tare a Chungking Mansions, wani babban gini na shaguna da masaukai: ni, da Alhajin Kumasi wanda shi ne babbanmu, da 'yan Maraɗi biyu masu harkar wayoyi, da wani ɗalibi Bazazzagi. Muka hau jirgin fito daga Tsim Sha Tsui muka tsallaka Wan Chai, zuwa Masallacin Ammar. A hawa na biyar akwai gidan abinci na Musulmi inda ake yin dim sum na halal, wato ƙananan cimar 'yan China da ake ci da shayi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a sauran wurare naman alade ne kusan a cikin komai.

A ƙofa aka auna zafin jikinmu, kowa ya haska lambar wurin da manhajar LeaveHomeSafe ta bin sawun cutar. Sai ga matsala: doka ta ce teburi ɗaya kada ya wuce mutum huɗu. Ni ne ƙarami, don haka na ja kujera zan koma gefe ni kaɗai. Alhaji ya ce wallahi ba a gabansa ba, ba a barin yaro ya ci abincin Sallah kamar maraya. Muka rabu uku da biyu, ni da shi a teburi ɗaya, allon roba mai kama da gilashi a tsakaninmu da sauran. Muna ganin bakinsu yana motsi, rabin maganar ba ta isowa.

To Inna, ga yadda abin yake. Su a wajensu shayi ne gaba, shi ya sa suke ce wa zaman yum cha, wato shan shayi. Ba sukari, ba madara, ruwan ganye ne zalla. Abincin kuma ƙanana-ƙanana ne, ana turara shi a cikin 'yan kwanduna na gora masu murfi, kamar yadda kike turara dambu a madambaci, sai dai kowane kwando loma uku ne ko huɗu. Akwai har gow, jatan lande a cikin ɓawo fari siriri har kana hango abin da ke ciki. Akwai siu mai, wanda a nan da kaza ake yi. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne shinkafa mai danƙo da nama da aka naɗe a ganye irin na bado. Da na warware ganyen, tururin da ya bugi fuskata sai na tuna alalar ganye ta gidan Gwaggo. Na yi shiru har Alhaji ya tambaye ni ko yaji ne.

Ƙafar kaza ma sun kawo, ta dahu luguf a cikin miya mai ɗan zaƙi. Ɗaya daga cikin 'yan Maraɗi ya ce shi bai bar Maraɗi ya keto duniya don ya ci abin da ake bai wa yara ba. Kwando biyu ya cinye.

Da tsinkaye biyu ake ci. Shekara uku ina garin nan, har yanzu hannuna bai faɗa ba. Har gow ɗaya ya suɓuce mini ya faɗa cikin kofin shayi, dariyar 'yan wancan teburin kam ta ratso allon sarai.

Baba, akwai ladabinsu da na san zai burge ka. Ba ka zuba wa kanka shayi sai ka fara zuba wa na kusa da kai. Wanda aka zuba wa ba sai ya katse hira ba, ya ɗan ƙwanƙwasa teburi da yatsu biyu, godiyar ke nan. Idan buta ta ƙare, a ɗage murfinta a bar shi a karkace, mai hidima zai gani ya ƙaro ruwan zafi ba tare da an ƙwala masa kira ba. Kuma ba wanda ke da kwanonsa. Komai a tsakiya ake ajiyewa, hannu da yawa akushi ɗaya, irin namu. Abin da ya sa rabuwar teburin ta dame ni ke nan. Abincin taro ne aka ce a ci shi a rarrabe.

Mu biyu, loma uku a kwando. Kowane kwando sai guda ta rage, ni ina jin nauyin Alhaji, shi yana cewa yaro ne mai ci. Haka muka tara guda shida suna hucewa. Daga ƙarshe ya tura mini su gaba ɗaya, ya ce umarni ne. Wajen biya kuma har an fara rantse-rantse, ashe Bazazzagin nan da muke ganin ɗalibi ne ba shi da ko sisi ya zame da sunan zai sake alwala, ya biya duka.

Na yi allurar rigakafi ta farko, hannu ya yi tsami kwana ɗaya, shi ke nan. Inna, ki daina sauraron maganganun da ake yaɗawa, in ta zo kusa ku je ke da Baba.

Na aika da goron Sallah ta hannun Yaya, a raba har da yaran Kawu. Dambun naman da kika ce za ki ba wani ya taho da shi, ki dakata tukuna, ba mai zuwa yanzu. A gaida Gwaggo, a ce mata na ci alalarta a China. A gaida Liman da mutanen zaure.

Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku