Ƙungiyar ƙwallon da ta zama zango ga 'yan Ayalan a Landan

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da ɗan ƙorafi game da shafinku na wasanni. Kowane mako Firimiya ce da La Liga, sai cinikin 'yan wasa da miliyoyin fam, kamar babu wata ƙwallo a Turai sai wadda kuɗi ke juyawa. Ni kuwa a unguwar Greenford da ke yammacin Landan nake zaune, kuma kusa da ni akwai wani fili da ake buga ƙwallon da ba a biyan ɗan wasa ko kwabo.

Filin na ƙungiyar Tír Chonaill Gaels ne. Mutanen Donegal, wani yanki na arewa maso yammacin ƙasar Ayalan, su suka kafa ta a 1962, kuma Tír Chonaill tsohon sunan yankin nasu ne. A shekarun 1950 da farkon 1960 matasan Ayalan sun yi ta kwarara Ingila saboda rashin aiki a gida. Maza na aikin gini da haƙan hanya, mata da yawa na aikin jinya a asibitoci. Ranar Lahadi ce kaɗai tasu, sai su je coci da safe, da rana su taru a fili.

Wani maƙwabcina, tsohon lebura da ya yi ritaya, shi ya ja ni wurin. Da farko na zaci rugubi ne, ashe ba ita ba ce, ƙwallon gargajiyar Ayalan ce da ake kira Gaelic football. Mutum goma sha biyar ne kowane ɓangare, ƙwallon zagayayya ce, kuma ana riƙe ta da hannu. Amma ba ka wuce taku huɗu da ita sai ka buga ta a ƙasa ko ka sake ta a kan ƙafarka ta dawo hannunka, kana cikin gudu. Turakun raga dogaye ne: idan ƙwallo ta shiga raga maki uku, idan ta bi ta saman sandar maki ɗaya, ko biyu idan daga nesa aka buga ta. Mai tsaron gidan da na gani rannan, mai haɗa wayar lantarki ne. Da aka tashi wasa ya wanke taɓon gwiwarsa ya ce gobe ƙarfe shida yana bakin aiki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba dokokin wasan ba ne. Maƙwabcin nan nawa ya ba ni labarin yadda ya sauka Landan da jaka ɗaya da sunan wani mutum a rubuce a takarda. Mutumin nan ɗan ƙungiyar ƙwallo ne. Kafin mako ya zagayo ya samo masa ɗaki da aikin gini, sharaɗin kawai shi ne ya zo atisaye. Da yake magana sai na tuna yadda baƙo ke sauka a zangon Kumasi, ya nemi mai masauki, a ba shi wurin kwana a nuna masa kasuwa. To su ƙwallo ce mai masaukinsu. Idan wani ya faɗo daga bene a wurin aiki, a nan ake yi masa karo-karo. Idan rai ya yi halinsa, a nan ake tara kuɗin mayar da gawa gida. Mata na dafa shayi da yanka burodi bayan wasa, tsofaffi na tsaye a bakin fili suna gardamar wasan da aka buga tun ba a haifi 'yan wasan yau ba. Akwai mashaya a ɗakin taron, wannan kam ba ruwana da ita, shayina nake sha in fito.

Uwar ƙungiyarsu, GAA, an kafa ta ne ranar 1 ga Nuwamba 1884 a garin Thurles, domin raya wasannin gargajiyar Ayalan a lokacin da ƙasar ke hannun Turawan Ingila. Abin mamaki, manyan kofunanta biyu duk sunayen mutanen Landan suke ɗauke da su. Sam Maguire, wanda kofin ƙwallo ke da sunansa, ma'aikacin gidan waya ne a Landan kuma ya yi wa birnin wasa. Liam MacCarthy, mai kofin hurling, wato wasan da ake bugawa da sanda, a Landan ma aka haife shi. Har yau Landan na shiga gasar lardin Connacht kamar wani yanki na Ayalan, tana karɓar baƙi a filin McGovern Park da ke unguwar Ruislip a Landan. 'Yan Landan sun ci wasa ɗaya a 1977, sannan suka shekara 36 ba su sake cin wasa a gasar ba, sai a 2013 da suka doke yankunan Sligo da Leitrim suka kai wasan ƙarshe. Ƙungiyar yankin Mayo ta lallasa su a can, amma har yanzu idan maƙwabcina ya zo kan wannan shekara sai muryarsa ta canza.

Gaskiya abin ya ɗan sosa mini rai. Mu ma mun taɓa kafa ƙungiyar 'yan gida a nan, ba ta shekara uku ba rigimar shugabanci da kuɗin asusu ta watsa mu. Taronmu na manya ne, yara na zaune a gefe suna latsa waya, Hausar ma da ƙyar suke amsawa. Su kuwa jikokin leburorin 1962, da bakinsu na Landan, suna sanye da rigar ƙungiyar kakanninsu duk ƙarshen mako. Ɗana mai shekara tara ya fara zuwa atisayen yara, babu wanda ya tambaye shi daga ina ubansa ya fito.

Don Allah idan kuna da wakili a Ingila, ku tura shi Ruislip lokacin gasa ya gani da idonsa. Ya tafi da rigar ruwa, don ko a watan Mayu ba a rantse wa saman Landan.

Naka,
Mai karatu daga Greenford, Landan