Baba Fasto, tun da citta ta ruɓe na daina shiga coci

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Baba, ina sauraron shirinka duk ranar Lahadi da yamma, shi kaɗai ne ma ya rage mini na sujada yanzu, shi ya sa na ce bari in rubuto, don Allah kar a faɗi sunana.

Ni manomin citta ne daga wajen Kachia, ina da mata da yara biyu. A 2023 na zuba duk abin da nake da shi a gona, na sayar da babur ɗina, matata ta ɗauki kuɗin adashe na zumuntar mata ta ba ni, na ƙara da bashi wurin wani ɗan'uwa a coci. Na shuka, na rufe da ganye yadda aka saba, ta tsiro gwanin sha'awa, har na tashi a gaban jama'a ranar Lahadi na ba da shaida cewa bana Ubangiji ya tuna da ni. Baba, wannan shaidar ce ke ci mini rai har yau. Damina na tsaka sai ciwon nan ya shigo, ganye ya koma rawaya ya bushe, ka tona ƙasa ka tarar citta ta ruɓe tana wari, kuma ba ni kaɗai ba, Kachia da Jaba da Kagarko duk kuka ake yi. Ko irin da zan ajiye ban samu ba. Shekarar da ta biyo iri ya yi tsadar da ba na iya taɓawa, na koma masara, kuɗin taki ya cinye ɗan abin da aka samu.

Bashin ɗan'uwan nan har yanzu ban gama biya ba. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma da ya ce mini "ya gida" sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wani dattijo kuma ya ja ni gefe ya ce in binciki kaina, wai ko ban cika fitar da zakka ba, ya karanta mini Malachi 3. To Baba, gonar gwauruwar da ke share coci kowace Asabar ita ma ta ruɓe fa, ita kuma me ta yi? Daga ranar ban sake taka ƙofar coci ba, matata ke kai yara, ni in kwanta in ce ciwon kai.

Ba wai na daina gaskata akwai Allah ba, a'a. Ina buɗe Littafi Mai Tsarki da dare. Na karanta Romawa 5 inda Bulus ya ce wahala tana kawo jimiri, jimiri ya kai ga bege, na karanta yadda Bitrus ya yi musun Yesu sau uku kafin zakara ya yi cara, ya fita ya yi kuka mai zafi, amma a Yohanna 21 Yesu da kansa ya same shi a bakin teku har da gasasshen kifi, ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya mayar masa da aiki. Sai in rufe littafin in ce shi Bitrus an zo an same shi, ni wa zai zo? Addu'a ma in na fara ba ta wuce Ubanmu wanda ke cikin sama, sai in yi shiru.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ƙanen babana ya ce zai ba ni iri buhu huɗu in sake gwadawa, in biya bayan an tona. Matata ta ce in karɓa, wai bangaskiya kenan. Ni kuma tsoro nake ji, ƙasar ita ce dai, ban san ko ciwon ya bar cikinta ba. Yaya mutum zai gane bangaskiya da taurin kai? In na ƙi, rashin dogara ga Allah ne? Sannan in zan koma coci, in fara zuwa wurin mai bashin ne tukuna ko in shiga kawai in zauna a bencin baya? Ƙanen baban nawa yana jiran amsa kafin ruwan fari ya sauka.

Ɗanka cikin Ubangiji,
daga Kachia