Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Birtaniya mai kula da yankunan ƙetare: a dawo wa Sent Helena da jirgin ruwan fasinja

Ranka ya daɗe, barka da aiki, ya ofis ya Landan. Na san ba ka jin Hausa, amma da ita nake iya faɗin abin da ke cina, a nemo wanda zai fassara maka, ai ba a rasa Bahaushe a Landan.

Ni ɗan kwantiragi ne a tsibirin Sent Helena, kafin na zo nan kuma na yi shekaru ina biyan haraji a Ingila, don haka a cikin fam miliyan 285 ɗin da aka zuba a filin jirgin saman tsibirin nan akwai 'yan kwabbaina, ina da bakin magana kenan. Ba sai na tsaya ba ka tarihi ba, fayil ɗin yana kan teburinka. Maganata ɗaya ce: kun zubar da ruwan tulu don ganin hadari. Kun sallami jirgin ruwan da ya yi wa mutanen nan hidima shekara da shekaru, kuka bar mutum dubu 4 da 'yan ɗaruruwa a tsakiyar teku, kilomita wajen 1,900 daga gaɓar Afirka, da ƙofa guda ɗaya tal, ita ma ƙofar iska ce ke riƙe da makullinta.

Bari na tuna maka abin da aka ce mana, tunda naga kamar a ofisoshin can mantuwa ba ta da wuya. An ce in aka gina filin jirgi, tafiyar kwana biyar a ruwa daga Cape Town za ta koma ta 'yan awoyi, 'yan yawon buɗe ido za su yi ta tururuwa har su kai kusan dubu 30 a shekara, tsibiri ya tsaya da ƙafarsa ya daina miƙa ƙoƙon bara ga baitulmalin Birtaniya. Aka sanar da aikin a 2005, aka dakatar a 2008 wai babu kuɗi, aka sake tayar da shi, aka sa hannu da kamfanin Basil Read na Afirka ta Kudu a watan Nuwamban 2011. Kuma gaskiya an yi aiki, ba zan ci haƙƙin leburori da injiniyoyi ba, wani rami ne guda da ake kira Dry Gut aka cike shi da dutse kusan kubik mita miliyan 8 don kawai a samu shimfiɗaɗɗen wuri, duk wanda ya tsaya a wajen ya kalla sai ya jinjina kai. An auna dutse, an auna siminti, an auna tsawon titin jirgi mita 1,950, har tsuntsun nan ɗan tsirit da babu irinsa a ko'ina sai nan an yi masa lissafinsa. Abu ɗaya aka bari, iska. Filin jirgin SAMA fa Yallaɓai.

Sai a watan Afrilun 2016 da aka kawo Boeing 737-800 don gwaji, jama'a sun fito sun cika wuri da murna, jirgi ya zo yana rangaji kamar rakumin da ya sha kaya, sai a zagaye na uku ya dire. Nan take bikin buɗewa da aka shirya a watan Mayu ya sha ruwa, jaridun ƙasarku suka laƙaba masa sunan filin jirgin da ya fi kowanne rashin amfani a duniya, kwamitin binciken kuɗaɗen gwamnati na majalisarku ya fitar da rahoto a ƙarshen shekarar yana mamakin yadda aka yi ma'aikata guda ba ta hango matsalar ba. Abin da ya fi ba ni dariya mai ciwo shi ne Charles Darwin, da ya zo tsibirin nan a 1836, ya riga ya rubuta labarin iskar. Ya ce ya tsaya a bakin wani tsauni inda ko ganye ba ya motsi, da ya miƙa hannu waje sai ya ji iska kamar za ta fizge shi, tsakanin wurin da ke shiru da wurin guguwa bai fi taku biyu ba. Mutumin da ya zo da jirgin ruwa mai filafilai, ba kwamfuta ba na'ura, da hannunsa kawai ya gano abin da ƙwararru masu digiri suka kasa ganowa shekara 180 bayansa. Ma'aikatar da ta biya kuɗin aikin kuwa, DFID, an narkar da ita cikin ma'aikatar harkokin waje a 2020, yanzu ko mutum ya je neman wanda zai tambaya sai a ce masa ai wancan ofishin babu shi.

To na ji, ihu bayan hari ne, ba za a ɗauke titi a juya shi ba. Amma ka taɓa sauka a nan kuwa? Bari na ba ka labari tunda ni na sha sauka. Titin yana kan wani fili ne a saman tsauni, wajen mita 300 sama da teku, gabansa rami bayansa rami. In jirgi ya taho ta arewa, zai bi ta gefen duwatsun da ake kira King and Queen, iskar kudu maso gabas da ke kaɗawa kusan kullum tana dukan duwatsun ta karye ta murɗe, sai ka ga a cikin daƙiƙa biyu ta canza ƙarfi ta canza alkibla, jirgin da ke tafe lafiya lau ya ji kamar an zare masa tabarma daga ƙasa. In kuma ya taho ta kudu don gudun wannan, to iskar tana bayansa tana tura shi, ga titi gajere, dole a rage nauyi, shi ya sa ba kowace kujera ake sayarwa ba, shi ya sa kuma tikiti ke da ɗan karen tsada. Ga man da dole ya ɗauko mai yawa saboda in ya kasa sauka babu wani fili a maƙota, mafi kusa shi ne tsibirin Ascension, kilomita wajen 1,300.

Ranar da na fara zuwa, muna gangarowa ina leƙe ta taga ina ganin kumfar teku na dukan baƙin dutse, har na ji ƙarar tayoyi sun fito, kawai sai fiffiken dama ya yi ƙasa na hagu ya yi sama, cikina ya taho maƙogwaro, injin ya yi wata irin kururuwa muka sake cillawa sama. Wata dattijuwa 'yar tsibirin da ke kusa da ni ta damƙe hannun rigata har sai da maɓalli ya tsinke, ni kuwa duk addu'ar da na sani tun ta makarantar allo sai da na karanto ta. Da muka zagayo muka dire lafiya sai ta sake ni tana ba ni haƙuri, ta ce ita shekara arba'in tana hawa jirgin ruwa ba ta taɓa riƙe rigar baƙo ba. Matuƙan nan kam Allah ya saka musu, gwanaye ne, ba da su nake ba.

Da wa nake? Da wanda ya zauna ya ga jirgin saman fasinja ya fara zuwa ranar 14 ga Oktoban 2017, ƙaramin Embraer 190 daga Johannesburg, ba ma Boeing ɗin da aka yi alkawari ba, sai ya ce shikenan an gama, a watan Fabrairun 2018 aka yi bankwana da jirgin ruwan fasinja RMS St Helena. Wata huɗu kacal! Ko sabuwar mota mutum ya saya ai yakan bar tsohuwar a gareji ya ga kamun ludayin sabuwar tukuna. Jirgin ruwan nan tun 1990 yake kai da kawowa, shi ne motar haya shi ne motar asibiti shi ne gidan waya, a hankali yake tafiya amma yana isowa, gajimare bai taɓa hana shi ganin Jamestown, babban birnin tsibirin, ba. Daga baya muka ji wai yana can yana jigilar motocin tsere masu lantarki. Madalla, motocin tsere sun samu jirgi, mutane sun rasa.

Yanzu ga yadda rayuwa take. Jirgi na zuwa ranar Asabar, a lokacin baƙi a ɗan ƙara wani a tsakiyar mako. In aka wayi gari gajimare ya sauko ya zauna a kan tsaunin, ko iska ta fi ƙarfin ƙa'ida, sai a ɗaga zuwa gobe, goben ma sai abin da Allah ya yi. Wani lokacin har jirgin ya taso ya sha mai a Walvis Bay ta ƙasar Namibiya ya kamo hanya, a ƙarshe ya juya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, a nan na san ma'anar karin maganar nan da gaske.

Ni kaina ya faru da ni. Yayata ta rasu a gida ranar wata Laraba. Jana'iza dai na san ba zan samu ba, mu ba ma ajiye gawa, amma na sa rai in samu zaman makoki in zauna da mahaifiyarmu ko kwana biyu ne kafin jama'a su watse. Na haɗa jaka tun daren Juma'a, Asabar aka ce gajimare, Lahadi aka ce gajimare, Litinin na zauna a bakin gado da takalmi a ƙafata ina sabunta saƙo a waya kamar mahaukaci. Da jirgin ya samu sauka, tikitina na gaba zuwa Legas ya riga ya ƙone, na sayi wani, na isa gida an yi sadakar bakwai an naɗe tabarmi. Tsohuwa ba ta ce min komai ba, ta dai dube ni ta ce ka iso? Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Ban ɗora wa kowa laifin gajimare ba, na Allah ne. Amma rashin wata hanya ta biyu ba gajimare ne ya yanke shi ba, a ofis aka yanke shi, da biro.

Kuma ni mai sauƙi ne, baƙo ne, kwantiragina na ƙarewa zan ɗau jakata. Ka tuna da masu tsibirin. Mara lafiyan da aka ba ranar ganin likita a Afirka ta Kudu ya yi wata da watanni yana jira, ɗalibar da za ta koma makaranta a Ingila, masu aiki a Ascension da Falkland da ke zuwa hutu da kwanakinsu a ƙirge, mai ɗan masaukin baƙi da ya ci bashi ya gyara ɗakuna saboda an ce masa dubu 30 na nan tafe. Ina dubu 30 ɗin? Jirgi mai kujera ƙasa da 100, sau ɗaya ko biyu a mako, ko ɗan firamare ya buga lissafin ya san ba za a kai ko kusa ba.

Kar ka ce ban yaba ba. Tun a watan Yunin 2016 aka fara ɗaukar marasa lafiya na gaggawa ta jirgin sama, na farkon ma jariri ne, abin da da sai an jira jirgin ruwa a yi ta addu'a. Rayuka sun tsira ta dalilin filin nan, duk wanda ya ce a rufe shi bai san abin da yake faɗa ba. Intanet ma ta gyaru tun da aka jawo wayar ƙarƙashin teku ta Equiano, wacce ita ce dai ta biya ta Legas. Sai dai ba a aika mutum ta waya.

Akwai sauran maganganu, tsadar kaya a kanti in jirgin dakon kaya ya makara, matasa da ke ficewa ba sa dawowa, da kuma ƙasusuwan bayin Afirka 325 da aka tono a kwarin Rupert's a 2008 saboda hanyar aikin filin jirgin nan, suka yi shekara 14 a cikin akwatuna kafin a mayar da su ƙasa a 2022, wannan kam a matsayina na ɗan Afirka ba zan ce bai taɓa ni ba, amma wasiƙarsa daban.

Dan Allah Yallaɓai, ba wani abu mai girma muke roƙo ba. Ba mu ce a sake zuba miliyan 285 ba. A cikin yarjejeniyar jirgin dakon kayan da ke zuwa, a sa sharaɗin ɗakunan fasinja na kirki, ko guda ashirin ne, da jadawalin da mutum zai iya dogara da shi, yadda tsohon da ke tsoron saukar nan ko wanda likita ya hana hawa sama zai samu hanya. A yi tsari rubutacce na wanda zai ɗauki nauyin masauki da abincin fasinjan da ya maƙale a Johannesburg, ba kowa ke da kuɗin otal na kwana huɗu a aljihu ba. Sannan a riƙa fitar da alƙaluma duk shekara a fili, sau nawa aka ɗaga tashi, sau nawa jirgi ya juya, kwana nawa tsibiri ya yi a rufe, mu ma mu gani, masu biyan haraji a can ma su gani.

In kuma kana ganin na cika baki, to bismillah ka zo. Amma kar ka zo da jirgin soja ko na musamman, ka sayi tikitin Asabar kamar kowa, a watan Agusta lokacin da gajimare ke kwana a kan tsauni, ka sa taro mai muhimmanci a Landan ranar Talatar da ke biye. Kujerar taga ta ɓangaren dama za ka nema. Zan zo tarbarka da kaina, in jirgin ya sauka.

Naka,
Wani Bahaushe mazaunin Jamestown, Sent Helena