Zuwa ga matashin da ya tambaye ni dalilin komawata aji

Ɗana,

A taron matasan ikilisiyarmu ka miƙe ka tambaye ni a gaban jama'a: tunda Ruhu Mai Tsarki ne ke koya wa bawan Allah abin da zai faɗa, me ya kai ni da furfurata in koma ɗaukar darasin tauhidi? Tambaya ce mai kyau, kuma na san ba kai kaɗai ke da ita a zuci ba, shi ya sa na ga gara in amsa a rubuce.

Ruhun da kake magana a kansa shi ne ya bi da Bulus. Amma duba 2 Timoti 4:13. Yana kurkuku, ya san ƙarshensa ya kusa, duk da haka ya roƙi Timoti ya zo masa da littattafansa, musamman na fata. Afolos kuwa, a Ayyukan Manzanni 18, gwanin magana ne, masanin Nassi, amma da Bilkisu da Akila suka ji wa'azinsa sai suka ja shi gefe suka ƙara fahimtar da shi. Bai ce ya wuce nan ba. Wannan tawali'un ne nake roƙa wa kaina da ku.

Sannan ka tuna inda muke zaune. Sakkwato gari ne na malamai. Da sassafe za ka ga dattijo ya fi ni shekaru, ya naɗe ƙafa a zauren malaminsa, littafi a cinya, ana yi masa ƙari. Tun zamanin Nana Asma'u ake bin mata har ƙauyuka da karatu. Maƙwabcinka da ya tashi a wannan tarbiyya, in ya tambaye ka abin da ka gaskata, ba zai gamsu da ɗaga murya ba. Yana son amsa mai tushe, cikin ladabi, kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta umarce mu.

Littafi Mai Tsarkin da ke hannunka ma gumin karatu ne. Su Dakta Miller na Wusasa sun yi shekaru suna aiki da Hausawa kafin cikakkiyar fassarar ta fito a 1932. Kwalejin tauhidi ta Bukuru ta fara a 1959, ta ECWA da ke Jos a 1980. Iyayenmu ba don rashin bangaskiya suka gina su ba.

Abin da ya fi damuna shi ne malamin makarantar Lahadi da zai buɗe darasi a bakin ƙofar coci, yara na zaune suna jiransa. Rijiyar da ake ɗiba kullum ba a yashe ta, wata rana guga laka zai fito da ita. Su yaran nan ba za su iya gane kuskure ba, za su tafi da shi gida su girma da shi. Yakubu 3:1 ta ce mu masu koyarwa za a yi mana shari'a mafi tsanani, kuma ni ina jin nauyin ayar nan duk daren Asabar.

Ba sai ka bar sana'arka ka tafi Jos ba. Muna haɗuwa kowace Alhamis bayan an tashi kasuwa, yanzu muna cikin wasiƙar Romawa. Ka zo da Littafinka da biro, ka kuma zo da abokan nan naka da suka yi maka tafi.

Babanka cikin Almasihu,
wani dattijon ikilisiya a Sakkwato