Zomon Da Ya Ƙetare Teku

Orlando, Filorida
29 ga Janairu, 2023

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Inna? Ka ce ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Ya hunturu, ya kuma fama da layi? Saƙonka na shekaranjiya ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi: ka yi sammakon banki neman sababbin kuɗi, ba ka fito ba sai la'asar, daga nan ka zarce layin mai. Allah ya kawo sauƙi. To ni ma na sha layi Lahadin da ta wuce, na fiye da awa uku, amma in na faɗa maka na mene ne, za ka ce Amurka ta gama da ni. Layin lilo ne.

Ka san filin wasannin nan na Disney da ke kusa da mu, wanda na turo maka hotunan yara a ciki bara. A ɓangaren da ake kira Magic Kingdom akwai wani abin hawa mai suna Splash Mountain. Dutse ne na gini da aka ratsa da magudanar ruwa. Ana zuba ku takwas, bibbiyu, cikin wani abu kamar gungumen itace da aka fafe, ruwa ya ja ku cikin kogo, kuna wuce dabbobin inji suna waƙa suna kaɗa kai, wajen minti goma. Can sai gungumen ya kama hawa tudu a hankali, ƙat, ƙat, ƙat, ga ungulaye biyu a sama suna yi muku baƙar magana. Kafin ka ce kwabo an sako ku daga tsayin kusan mita 16, hanjinka ya dawo maƙogwaro, ku faɗa ruwa tsundum. Daidai nan aka ɗana kyamara. Ina da hoton uwargida baki buɗe, ɗankwali a iska. Ta ce ranar da wani ya gan shi in nemi mai yi mini tuwo.

Tun 1992 ake hawansa a nan, na Kalifoniya kuwa tun 1989. Ranar Lahadi 22 ga wata ce ta ƙarshe, Litinin aka wayi gari an rufe. Ni da a son raina ne ba zan je ba. Auta ce ta ɗaga mana hankali. Sai yaro ya kai tsawon inci 40, wato mita ɗaya da ɗan ɗoriya, ake barinsa ya hau, kuma akwai sandar awo a bakin ƙofa. Bara ta gaza da ɗan yatsa biyu, ta yi ta kuka har mota. Bana ta kai, sai ga labarin rufewa. Ka ga kuwa babu zancen zama a gida.

Malam, na ga abin mamaki. Manya ne suka fi yawa a layin, wasu da furfura, sanye da riguna masu hoton zomo da dila. Wasu da sun sauka sai su sake komawa baya. Na ga masu tsoma gora cikin magudanar suna ɗibar ruwa a ɓoye, na ɗauka wasa ne, ashe abin nema ya samu: kafin mu kwana biyu ruwan ya bayyana a kasuwar intanet ta eBay cikin kwalabe da leda, wasu sun yanka masa farashi sama da dala ɗari. Ruwan famfo ne fa, mai warin magani.

Wani ƙaton Bature ne a gabanmu, gemu har ƙirji, irin wanda in ka haɗu da shi da dare za ka sauya hanya. Muna dab da shiga sai na ga kafaɗunsa na rawa. Kuka yake yi. Na sunkuyar da kai ina danne dariya, uwargida na zungurina. Shi da kansa ya juyo ya ba ni haƙuri, ya ciro wani tsohon hoto daga walat, gefensa duk ya tsattsage: yaro ne cikin gungumen nan ya runtse ido, wani mutum ya rungumo shi. Ya ce mahaifinsa ne, kuma ya rasu. Dariyar ta maƙale mini. Nan take na tuna ranar da aka sare durumin ƙofar gidanku za a yi kwalta, yadda ka yi kwana biyu ba ka cin abincin kirki, muna yi maka tsiya wai kana zaman makokin itace.

Za ka ce to me ya yi zafi aka rufe abin da ke tara jama'a haka? Ba lalacewa ya yi ba. Asalinsa ne ya biyo shi. Dabbobin an ɗauko su ne daga wani fim na 1946, Song of the South, inda wani dattijo baƙar fata ke zaune a gandun Turawa a jihar Jojiya, bayan yaƙin basasarsu, yana yi wa ɗan masu gida tatsuniya, kullum cikin fara'a, sai ka rantse bauta wani zaman daɗi ne da aka yi. Tun shekarar da ya fito baƙaƙen Amurka suka yi tir da shi. James Baskett, wanda ya fito a matsayin dattijon, bai ma halarci bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta ba, saboda dokar wariyar launin fata ta garin a lokacin. Kamfanin da kansa bai taɓa sakin fim ɗin a kaset ko faifai a Amurka ba. Da aka kashe baƙar fatar nan George Floyd a Mayun 2020 ƙasar ta ɗauki zafi, dubban mutane suka sa hannu a takardar koke ta intanet, a watan Yuni kamfanin ya ce zai sauya wa dutsen labari. Za a mayar da shi na Tiana, gimbiyarsu baƙar fata ta farko, 'yar New Orleans, kuma sun ce sai 2024 za a buɗe. Wasu dubban kuma suka yi nasu koken cewa a bar musu abinsu, wai su dabbobi kawai suka sani, ba su taɓa ganin fim ɗin ba. Kuma gaskiyarsu ne ta nan, don dattijon ko hotonsa babu a cikin dutsen.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa baƙar Ba'amurkiya wadda asalinsu Jojiya ne, na kai mata labarin ina tsammanin za ta yi guɗa. Sai ta taɓe baki. Ta ce fim ɗin dai gara da aka binne shi, amma zomon nasu ne, a bakin kakarta ta fara jinsa, ba a sinima ba. Wani ɗan jarida Bature, Joel Chandler Harris, ya ji labaran wajen bayi yana saurayi, ya buga su a littafi a 1880, daga nan suka zama dukiyar wasu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai ta ba ni ɗaya daga ciki. Dila ya ƙera mutum-mutumi na kwalta ya ajiye bakin hanya. Zomo ya zo ya yi gaisuwa, shiru. Ya sake, shiru. Ya fusata ya kai mari, hannu ya maƙale, ya kai ɗayan, ya kai shuri. Aminina, tsigar jikina ta tashi. Na ce mata tsaya, Hajiya, wannan ai Gizo ne! Gizo ne da 'yar danƙo a gonar da yake sata, wanda Inna ke ba mu a tsakar gida bayan isha'i, tana kwaikwayon tsamin bakinsa muna birgima a tabarma. Ashe ya hau jirgin bayi ya ƙetare teku, ya sauya fata ya zama zomo. A cikin dutsen sun cire kwaltar sun sa saƙar zuma, don kalmar ta zama zagi ga baƙar fata a nan. Amma ƙarshen yana nan: zomo na roƙon dila ya yi masa duk abin da ya ga dama, kada dai ya jefa shi sarƙaƙiya. Dila ya cilla shi, ashe gidansu ne. Faɗowar nan ta mita 16, cillawar ce. Sau nawa na hau ina ihu ban san tatsuniyar gidanmu nake ciki ba.

In ka tambaye ni, ban ga laifin sauyawar ba. Abin da aka gina a kan fim ɗin da masu shi ma ke ɓoyewa, dama ranar tonon asirinsa na zuwa. Kuma na ga idon Auta da ta ji gimbiya mai irin fatarta ce za ta gaji dutsen, tun yanzu ta fara lissafin watanni. Sai dai raina bai so yadda aka haɗa da zomo aka kora ba, shi da bai ci nanin ba. An ce na Tokiyo a Japan yana nan yana aiki, na Kalifoniya kuwa shi ma yana jiran tasa ranar.

Ga inda na ji kunya. Daren nan na tara yara na ce ga ta nan ga ta nanku, suka zuba mini ido, ba su san abin da ake amsawa ba. Na koya musu. Na kai Gizo har inda ƙafarsa ta biyu ta maƙale, sai labarin ya tsere mini. Na rasa yadda aka yi ya kuɓuta. Wayo ya yi wa wani ya maye gurbinsa, ko dukan tsiya ya sha, ko Ƙoƙi ce ta zo? Auta ta ce a jefa shi sarƙaƙiya kawai a huta.

Don Allah in ka je gaida Inna ranar Juma'a, ka lallaɓa ta ta ba da shi tun daga farko, ka naɗa a waya ka turo mini ta WhatsApp. Kada ka katse ta ko ta yi ratse, kuma ka bari sai ta kai ƙurunƙus. Na san za ta ce ba a tatsuniya da rana, to ka jira isha'i. Zan turo kuɗin goronta, in dai za ka iya ciro su.

Ka gaida amarya da yara, da duk 'yan majalisa. Uwargida na gaishe ku.

Naka har kullum,
Amininka na Orlando