Zuwa ga abokan cinikinmu: kayan da za mu riƙa kawowa daga yanzu, da dalilinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na wasa, muna gaishe ku, da fatan kuna lafiya tare da iyali. Mun ga ya fi kyau mu rubuto muku gaba ɗaya a kan mu ci gaba da ba kowa amsa a bakin kanta, domin tambayar ta yawaita. Ana ta cewa manyan kawunan jirgi sun yi ƙaranci a shago, kuma duk wanda ya shigo neman Flying Scotsman, shahararren babban kan jirgin fasinja na Birtaniya, sai mu miƙo masa ɗan ƙaramin kan shantin, wato mai rarraba taragu a tasha, mu ce ya fara gwada wannan. Gaskiya ne, kuma da gangan muke yi. Daga yanzu abin da za ku riƙa tararwa a kan kanta shi ne ƙananan kawuna, taragun kaya, dogo da makarkata (inda jirgi ke sauya layi) masu inganci, ƙugiyoyi da kayan gyara. Manyan kawunan fasinja kuwa sai wanda ya ba da oda.

Dalili na farko na kasuwa ne. Yawancin jiragen samfurin Ingila da muke sayarwa, na Hornby da ke Margate da na Bachmann da ke Barwell, a Ingila ake zana su amma a China ake ƙera su, kuma kashi-kashi ake yi. In kashi ya ƙare, to ya ƙare, wani lokaci sai an yi shekaru kafin a maimaita. Ƙaramin shago irin namu da ke nesa yana ƙarshen layi wajen rabo. Sannan a farkon 2024 shagon Hattons, wanda aka kafa a Liverpool tun 1946, ya sanar da rufewa. Da yawa daga cikinku kun san shi, domin ya yi suna wajen aika kaya ƙasashen waje, sabo da na hannu. Rufewarsa ta toshe wata babbar ƙofa ga duk mai saye daga nesa. Ga kuma canji. Tun da aka saki naira a 2023, kan jirgi guda babba mai sauti yana iya cinye kuɗin da za mu cika rabin kanta da taragu da dogo. Idan ya zauna wata da watanni ba a saya ba, jarin shago ne ya kwanta, mai neman makarkata guda biyu kuma ya zo ya koma hannu rabbana.

Saboda haka ga tsarin oda. Wanda yake son babban kai zai faɗa mana samfurin da lambarsa, ya ajiye rabin kuɗi, mu rubuta masa farashin da fam ɗin Ingila a takarda. Ranar da kaya suka iso za mu lissafa ragowar da canjin ranar, tare da kuɗin jigila da na kwastan, duk a rubuce. Idan kamfani ya ɗage fitar da kayan, za mu kira shi mu sanar da shi, in ya ga ba zai iya jira ba ya karɓi abin da ya ajiye.

Amma ko da canji bai tashi ba, da wannan shawarar za mu ba ku, kuma a nan ne muke son ku saurare mu da kyau. Babban kan fasinja yana da kyau a ido, ba mu musa ba. Samfurin Mallard, kan jirgin tururi na Birtaniya da ya yi gudun mil 126 cikin awa a 1938, abin alfahari ne ga duk mai shi. Sai dai yawancin irin waɗannan a sikelin OO, wato ma'aunin girman da jirgin wasa yake kashi ɗaya cikin 76 na na gaske, ba sa son kwanar da ta gaza lanƙwasa ta biyu, mai milimita 438 daga tsakiyar da'ira zuwa dogo, kuma kafin ka shimfiɗa da'irar da zai zagaya kana bukatar allo mai kusan ƙafa shida a tsawo da huɗu a faɗi. Mutum nawa ne cikinmu ke da ɗakin da zai sadaukar wa wannan? Abin da muke gani shi ne a shimfiɗa a tsakar falo ranar salla, jirgi ya zagaya, yara su yi murna, da yamma uwargida ta ce a kwashe, a mayar kwali. Bayan shekara mai shi ya dawo da shi yana neman mu saya.

Shantin ba haka yake ba. Shi ne aikin da ake yi a filin tasha: rarraba taragu, tura wannan wancan layi, jawo wancan, har a haɗa jirgi bisa tsarin da ake so kafin ya kama hanya. Tsofaffin ma'aikatan reluwe na nan Zariya da Kafanchan sun san cewa a nan gwanintar take, kuma a nan ne ƙaramin jirgi ya fi kama da na gaske. Wani Bature mai suna Alan Wright ya tsara wani fasali da ake kira Inglenook Sidings, wanda allo mai kusan ƙafa huɗu da faɗin ƙafa ɗaya ya ishe shi. Makarkata biyu ne kacal, da layuka uku: ɗaya na ɗaukar tarago biyar, biyun kuma uku-uku. Layin da kai ke ja da baya a kansa yana ɗaukar kan da tarago uku, ba ƙari. Ana zuba tarago takwas, a rubuta sunan kowane a ɗan kati, a cakuɗa, a zaro biyar. Aikinka ka jera waɗannan biyar a dogon layin daidai da yadda katunan suka fito. Jeri 6,720 ne ke iya fitowa, don haka da wuya ka maimaita wasa guda. Mun sha ganin dattijo ya tsaya a gaban wannan allo ya ce minti biyar zai yi, sai kiran sallar magariba ya tashe shi, yana ta ƙirga da yatsa wane tarago zai ajiye a ina don ya samu hanyar ciro na can ƙurya. Masu son samfurin Amurka suna da nasu, Timesaver na John Allen da ya fito a 1972, amma ya fi cin makarkata, shi ya sa muke fara nuna wancan. Allon Inglenook yana zama a kan kanta ko bayan kujera, in an gama a jingine shi a bango a rufa masa zane.

Kan da muka fi ba da shawara a kansa shi ne Class 08, ɗan dizal mai taya shida da hukumar jiragen ƙasan Birtaniya ta ƙera guda 996 tsakanin 1952 da 1962. Na gasken ma gudunsa bai wuce mil 15 zuwa 20 cikin awa ba, don tura taragu aka yi shi. Hornby da Bachmann duk suna yin sa a OO, Graham Farish na yin sa a sikelin N ga mai ƙarancin wuri, Dapol kuma a O ga wanda idonsa ya fara gajiya da ƙananan abubuwa. Masu son hayaƙi da tururi za su samu ƙananan kawunan tanki, masu ɗauke da tankin ruwansu a jiki, masu taya shida, su ma aikinsu ke nan tun asali. In kun zo saye, kada ku tambaye mu iya gudunsa. Ku ce mu ɗora shi a dogo mu rage wuta har ƙasa, ku duba ko zai iya rarrafe ba tare da ya yi tsalle ko ya tsaya ba. Kan da ya iya tafiyar hawainiya shi ne na kirki.

Wannan rarrafen kuwa ba a kan kaɗai ya dogara ba. Yawancin kawunan da ake dawo mana da su a ce sun lalace, lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana makarkata ko ƙura. A daidai tsinin da dogo biyu ke haɗuwa a makarkata, wasu samfuran roba ce, ba wuta. Babban kai mai ƙafafu da yawa yana wucewa bai sani ba, amma gajeren kai mai tafiya a hankali yakan tsaya cak a wurin. Shi ya sa muka ƙara yawan makarkatan Peco masu tsinin ƙarfe, Electrofrog da Unifrog. Suna bukatar ɗan aikin waya fiye da Insulfrog mai tsinin roba, kuma duk wanda ya saya a wurinmu za mu zana masa yadda ake haɗawa, ko ya kawo allon mu yi tare. Masu amfani da DCC, tsarin sarrafa jirgi na dijital, za su iya ƙara ɗan ma'ajin wuta a jikin dikoda, 'yar na'urar da ke karɓar umarni a cikin kan, wanda ke riƙe kan na ɗan lokaci idan wuta ta yanke a ƙarƙashinsa. Yana taimakawa ƙwarai, amma ba ya maye gurbin shara.

Ƙura dai ita ce babbar abokiyar gabarmu, musamman da hunturu. Littattafan da ke zuwa cikin kwali ba a rubuta su don ƙasar da hazo ke shiga ta ƙasan ƙofa ba. Kafin kowane wasa a ɗiga ruwan isopropyl a tsumma mara gashi a goge saman dogo, za ku ga baƙin layi biyu sun fito a jikin tsumman. A goge ƙafafun kan da auduga mai tsinke, a duba ƙananan ƙarafunan da ke shafar bayan ƙafa suna ɗaukar wuta, don a nan gashin darduma ke naɗewa. Don Allah kada a sa sanfefa, tana karce dogo, datti ya samu wurin zama. Mai kuma ɗigo ɗaya a kan allura ya isa, na jiragen wasa, ban da man keken ɗinki da man inji. Mai da ƙura in suka haɗu a cikin giyar inji sai su zama kamar kwaɓin laka.

Sai ƙugiya, wadda ita ce rabin daɗin shantin. Wadda ke zuwa da jiragen Ingila tana riƙo da kyau amma kwance ta sai da dabara: ko a sa ɗan tudu a tsakiyar dogo, ko a lanƙwasa waya a riƙa ɗaga ta da hannu. Ba laifi, mutane da yawa da ita suke aiki har yau. Wanda yake son ya kwance tarago ba tare da ya taɓa shi ba, sai ya koma ƙugiyar Kadee ta Amurka, mai aiki da maganaɗisun da ake binnewa a ƙarƙashin dogo. Kan jirgi ya tsayar da ƙugiyar a kan maganaɗisu, ya ɗan saki, ƙugiya ta buɗe, sannan ya tura taragon har inda ake so ya bar shi. Lamba 17 zuwa 20 suna shiga aljihun NEM, ɗan gurbin sa ƙugiya da ke jikin yawancin sababbin taragu, bambancinsu tsawo ne kawai. Sharaɗin dai shi ne duk ƙugiyoyin su zama tsayi ɗaya. Ko ɗaya ta sunkuya, za ta riƙa sakin jirgi a kan hanya, kuma mun ajiye ma'auni a shago don ku gwada naku kyauta.

Muna da roƙo ga masu 'yan uwa a waje. Kafin a aiko muku da tsaraba, ku tuntuɓe mu. Jiragen Märklin na Jamus a sikelin HO kaya ne masu nagarta, amma wutarsu daban ce, suna ɗauka ne daga ƙananan ƙusoshin da ke tsakiyar dogo, ba za su yi tafiya a kan dogon Peco ko Hornby ba. Taransifomar da aka yi wa wutar Amurka mai bolt 120 kuwa, in aka cusa ta a tamu mai 230 ƙonewa za ta yi nan take. Ta Ingila ta dace da wutarmu har da bakin soket. HO da OO suna hawa dogo ɗaya mai milimita 16.5, sai dai HO kashi ɗaya ne cikin 87, OO kuma ɗaya cikin 76, don haka in aka haɗa su a jirgi guda bambancin girma zai fito fili.

Akwai masu tambayar jiragen gida, kuma tambayar tana faranta mana rai. Kamfanonin da muke hulɗa da su ba sa ƙera su, amma hanya a buɗe take ga mai haƙurin aikin hannu. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, wanda a sikelin HO ya yi daidai da dogo mai milimita 12, irin wanda Peco ke sayarwa da sunan HOm. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 mai 1,435 ne, dogon HO na yau da kullum ya wakilce shi. Wanda ya fi jan hankalinmu shi ne siririn layin kuza da ya tashi daga Zariya ya hau dutsen Jos har Bukuru, mai faɗin milimita 762, wanda aka rufe a 1957. Dogo mai milimita 9 na HOe ya dace da shi sarai. Ƙaramar tasha irin ta wancan layi, da layukan ajiya biyu ko uku, da rumfar kwano, da buhunan kuza a gefe, ita ce Inglenook ɗin da muke fatan gani a wannan gari. Wanda yake da tsohon hoto a gida, ko kakan da ya yi aiki a layin, ya taimaka ya kawo mana mu gani, za mu ɗauki hotonsa mu mayar masa da abinsa.

Kayan hannu muna nan muna saye muna sayarwa, kuma kowane kai sai mun gwada shi a gaban mai saye kafin ya biya. Allon shantin zai kasance a shimfiɗe a shago kowace Asabar bayan la'asar. Ba sai ka sayi komai ba. Ka zo da kanka ko da taragunka, ko ka yi amfani da namu. Ku zo da yara, maza da mata, amma mu roƙe ku babba ya tsaya kusa da ƙanana, domin ƙugiyoyin da maganaɗisun ƙanana ne, suna iya kai su baki. Waɗanda suka riga suka ba da odar manyan kawuna kafin wannan wasiƙa, alkawarinsu na nan a kan tsohon sharaɗi, ba abin da ya canza.

Mun gode da amanar da kuke ba mu. Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a nema.

Wassalam,
Masu shago da ma'aikata