Zuwa ga Injiniya, kan baburan da ba su da birki

Lublin, Poland
Janairu 2025

Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da maiɗakinka da yaran gareji. Ya sanyi? Na san yanzu hunturu ya kankama a Kano, kuna kewaye wutar mai shayi da safe kuna cewa za ku mutu. Ku gode wa Allah. Mu nan ƙarfe huɗu na yamma ba ta cika duhu ya rufa, kuma in ka bar ruwa a waje sai ka dawo ka tarar da dutse.

Saƙonka ya iso, wanda ka ce bidiyon da na turo haɗi ne, wai babu mai hankalin da zai hau babur ba birki, wai kuma dama Bazazzagi in ya je Turai da buhun ƙarya yake dawowa. Na so in amsa maka da murya a WhatsApp, na ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu. To gyara zama, Bakano, bawanka na da bai iya ƙarya ba balle ubangidanka.

Babur ɗin gaskiya ne. Ba birkin gaba, ba na baya. Giya ɗaya tak gare shi, ba fitila, ba madubi, ba abin tayarwa, sai an tura shi yake kamawa. Injin silinda ɗaya ne mai cc 500, ka kwatanta da Boxer ɗin da kake kwancewa kullum mai cc 100, alhali duk nauyin babur ɗin tseren bai wuce kilo 77 da 'yan kai ba. Ba ya shan fetur, wani irin sifirit yake sha da ake kira metanol. Filin zagaye ne mai siffar ƙwai, bai kai mita 400 ba, an shimfiɗe shi da jar ƙasa da dakakken dutse. Kullum hagu ake juyawa. In mahayi ya zo kwana, maimakon ya sassauta sai ya ƙara totur, ya watsa tayar baya gefe, babur ya tafi a karkace yana feshin ƙasa, ƙafarsa ta hagu na jan ƙasa da wani takalmin ƙarfe da ake ɗaura wa a kan but. Wannan zamiyar ita ce birkin. Mutanen nan suna kiran wasan żużel, ana faɗarsa kamar “jujel”, kuma ma'anar kalmar kashin maƙera, don da can da shi ake shimfiɗe filayen.

Yadda aka yi na faɗa ciki kuwa, ka san halin da na zo garin nan a 2022, bayan yaƙi ya koro mu daga Yukren da jaka ɗaya. Ba zan maimaita maka labarin kan iyaka ba, ka ji shi har ka gaji. Lublin ba ta fi kilomita ɗari daga iyakar ba, a lokacin duk inda ka duba 'yan gudun hijira ne. Na samu ɗaki a wani tsohon bene, ina kwana ina tashi ba na magana da kowa. Ƙofar da ke kallon tawa ta wani dattijo ce, tsohon ma'aikacin masana'antar motocin garin, wadda ta riƙa ƙera ƙananan motocin kaya da ake kira Żuk. Daga wannan masana'anta ƙungiyar żużel ta garin ta samo sunanta, Motor. Ni Baba nake ce masa, shi ma ya saba har yana amsawa. Ba ya jin Turanci, ni kuma yarensu a lokacin bai wuce na sayen burodi ba. Wata Lahadi ya ƙwanƙwasa, ya miƙo mini wani mayafin wuya mai ruwan ɗorawa da fari da shuɗi, ya nuna agogo, ya nuna takalmina. Tikitin jikansa ne da bai samu zuwa ba.

Filin yana Aleje Zygmuntowskie, kusa da kogin Bystrzyca. Abin da ya fara tarye ni ƙanshi ne, wani iri kamar an ƙona man zurma, sai ƙara. Kowa riƙe da takardar jadawali a kan ɗan allo da biro, tsofaffi da mata da yara, suna ɓare 'ya'yan wani fure kamar yadda muke ɓare gyaɗa a bakin kasuwa. Mahaya huɗu suka jeru a bayan zare: biyu na gida da jar hula da shuɗiya a kan hular kwano, baƙi biyu da fara da ruwan ɗorawa. Zare ya yi sama, suka saki kuloci. Mu muna zaune ƙasa-ƙasa a kwanar farko. Na ga duk jama'ar layinmu sun ɗaga allunansu sun rufe fuska lokaci guda, ina cikin mamakin ko addu'a suke yi, sai ji na yi an watsa mini tsakuwa a fuska. Baki buɗe nake kallo, ka gane. Har na koma gida ina tauna ƙasa, Baba kuwa ya yi dariya har da hawaye. Wannan ce dariyar farko da ni ma na yi tun barina Yukren.

Lissafin ba wuya. Zagaye huɗu ake yi, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu an gama. Na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Tsere 15 ake yi a wasa, jimillar maki 90 ke nan, wanda ya haura 45 ya ci. In naku biyu suka zo na ɗaya da na biyu, 5 da 1 ke nan, kuma shi ne abin da ke tayar da filin tsaye. A nan za ka ga gwaninta, na gaba yana waiwaye a cikin wannan gudun, yana rage wuta yana tare wa ɗan'uwansa hanya kada baƙo ya kutsa. Tsakanin tsere tarakta na shiga ta baje ƙasa, tanka ta yayyafa ruwa, kuma a wannan ɗan lokacin ne 'yan sana'arku ke cin kasuwarsu. Kowane mahayi da baburansa biyu ko uku da makanikansa. Su duba ƙasa ta yi tauri ko ta yi laushi, su sauya faranti mai haƙora na kaca, su taɓa kafireto, su taɓa wuta, su sa sabon gefen taya. Haƙori ɗaya a farantin baya na iya mayar da zakara kurar baya. Yawancin injinan GM ne na Italiya, kuma akwai masu gyaran inji da ake bin layinsu kamar likitan ido. Da a nan aka haife ka da yanzu kana da gidan sama.

Waccan shekarar ta 2022 ita nake so in ba ka labari, don ita ce ta kama ni. Babbar gasar ƙasar Ekstraliga ake ce mata, kuma duk duniya babu mai kuɗinta da 'yan kallonta. Zakarun Denmark da Ingila da Ostareliya duk nan suke ci-rani: su hau a Poland ranar Juma'a ko Lahadi, Talata suna Suwidin, makanikai na bin su da mota dare da rana. Ƙungiyoyi takwas ne a shekarar: Lublin, Gorzów, Częstochowa, Toruń, Wrocław, Leszno, Grudziądz da Ostrów. Ostrów ba ta ji da daɗi ba, wasa 14 ta yi ba ta ci ko ɗaya ba, ta koma rukunin ƙasa inda ta fito.

Yaƙin da ya koro ni ya taɓa gasar ita ma. Kafin a fara aka dakatar da mahaya 'yan Rasha. Wrocław ta rasa Artem Łaguta, wanda shi ne zakaran duniya na 2021. Toruń ta rasa Emil Sajfutdinow. Mu kuma (ka ji ni, wai mu) muka rasa yayan Artem, Grigorij Łaguta, ɗaya daga cikin ginshiƙan ƙungiyar. Na daɗe ina juya wannan a raina. Na kwana a ƙarƙashin ƙasa saboda bama-baman ƙasarsu, amma mai jan babur a kwana ba shi ya harbo su ba. Baba dai ko a jikinsa, ya kaɗa hannu kawai ya ce a tafi.

Waɗanda suka rage su ne Mikkel Michelsen ɗan Denmark, da Dominik Kubera, da Maksym Drabik, da matasa biyu, Wiktor Lampart da Mateusz Cierniak, wanda a shekarar ya zama zakaran duniya na 'yan ƙasa da shekara 21. Sai nawa gwanin, Jarosław Hampel. Shekararsa 40 a lokacin, sau biyu yana zuwa na biyu a duniya, a 2010 da 2013, ya yi mummunar karaya a ƙafa a 2015 har aka ɗauka ya gama. Ba shi da hayaniya. In zare ya tashi sai ka ga kamar an gaya masa tun jiya. Kada ka ɗauka karaya baƙon abu ce a wasan nan. An kewaye kwanoni da katangar iska mai kama da katifa, duk da haka a 2015 wani yaro ɗan Ostareliya, Darcy Ward, ya faɗi a Zielona Góra, har yau a keken guragu yake.

Don ka gane abin da kofin ke nufi ga mutanen garin: Lublin ba ta taɓa cinsa ba. Baba yana da wani kwalin takalmi cike da tsofaffin takardun jadawali, duk ya cike su da biro. Ya ciro mini na 1991, shekarar da suka zo na biyu lokacin Hans Nielsen ɗan Denmark na hau musu, yana shafa takardar kamar hoton mamaci. Bayan nan ƙungiyar ta sha talauci, ta rushe, an sake kafa ta. A 2017 tana rukuni na uku. Ta hau sau biyu a jere, 2019 ta shigo Ekstraliga, 2021 ta kai wasan ƙarshe Wrocław ta doke ta. Tambarin garin bunsuru ne yana ɗafe da kurangar inabi, don haka ake yi wa ƙungiyar laƙabi da 'yan bunsuraye. Na san abin da za ka ce, riƙe abinka.

Muka gama zagayen farko a saman tebur, muka tsallake sili-ɗaya-ƙwale, sai ga mu a wasan ƙarshe da Stal Gorzów, gida da waje, a haɗa maki. Gorzów kuwa ita ke da Bartosz Zmarzlik. Mutumin nan ɗan ƙarami ne, in ka gan shi a hanya ka ce ɗan sakandare, amma in ya hau babur sai ka ga yana rataye a gefensa kamar tsumma, yana bi ta inda babu hanya. A shekarar ya ci kambun duniya karo na uku. Ga kuma Martin Vaculik da Szymon Woźniak a bayansa. Wasan farko a Gorzów muka kalla a talabijin ɗin Baba. Suka lallasa mu 51 da 39. Baba ya kashe talabijin, bai ce uffan ba, ya jawo ambulan ɗin takardar wuta ya juya bayanta ya rubuta 52, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Tazarar 12 ba wasa ba ce: kowane 5 da 1 maki huɗu yake ragewa, sai ka yi uku kafin ma a yi kunnen doki, kuma Zmarzlik zai fito sau biyar ko shida, kusan duk fitowa da 3 yake komawa. Dabara ɗaya ce, a bar shi ya ci nasa, a tabbatar abokin tafiyarsa ya zo na ƙarshe, sannan a yi kaca-kaca da su a tseren da ba ya ciki.

Wasa na biyu ƙarshen Satumba ne, a Lublin. Tikiti ya ƙare cikin 'yan mintuna, jikan Baba kuma wannan karon ko da ciwon ajali sai ya je. Don haka a waje na tsaya, bayan katanga, cikin jama'ar da ba su samu shiga ba, mun dunƙule mu shida a kan wayar wani saurayi. Ga abin da ba zan manta ba: hoton waya yana makara da kusan rabin minti. Sai mu ji injuna sun ɗauka a cikin fili, mu ji ihu ya tashi ko ya mutu, alhali a waya mahayan ba su ma jeru ba. Muka koma kallo da kunne. In ihun ya yi sama ya tsaya a sama har ƙarar injin ta ɗauke, 5 da 1 ne, sai mu rungume juna tukuna mu duba waya mu ga yadda aka yi. In ya tashi ya karye a tsakiya, an wuce namu. Wata mata a gefena ta riƙe hannun rigata tun wajen tsere na goma ba ta sani ba. Har aka shiga biyun ƙarshe, inda kowane koci ke zaɓo gwanayensa, babu mai iya haɗiyar yawu. Aka tashi 53 da 37. Jimilla 92 da 88. Maki huɗu, Injiniya, tsere ɗaya ke nan cikin talatin.

Na jira Baba a bakin ƙofa fiye da awa. Ya fito da allonsa a ƙirji, ya nuna mini takardar, layukan ƙarshe ba sa karantuwa don hannunsa na rawa. A daren ya sa ta cikin kwalin, a kan ta 1991.

Abin da ya biyo baya ka iya cewa daɗi kan daɗi. Zmarzlik ɗin da muke tsoro ya bar Gorzów, inda ya tashi tun yana yaro, ya dawo Lublin. Muka sake cin kofi a 2023 da 2024, duka a kan Wrocław, shi kuma a 2024 kambunsa na duniya ya kai biyar. Ina zuwa kallo in na samu tikiti, ina ihu kamar kowa. Amma in gaya maka gaskiya, ba su kai ta 2022 ba. Cin wasa da dodo a gidanka daban, cin dodon daban. Na faɗa wa Baba haka da guntun yarensu da na koya, ya ce ni yaro ne, in na yi shekara talatin ina jira zan daina zaɓen kofi.

Yanzu filin a rufe yake, ƙanƙara ta lulluɓe shi, sai Afrilu za a dawo. Baba ƙafa ta fara ba shi matsala, hawa benen filin na yi masa wuya, ya ce bana ni zan riƙa cike masa takarda. Ina koyon rubuta sunayen nan nasu masu baƙaƙe biyar a jere ba wasali.

Ka gaishe da Hajiya, ka ce ina nan ina shan addu'arta. Yajin da ka aiko ya kusa ƙarewa, in an samu mai tahowa a ƙaro, da kuka da daddawa. Kuma don Allah kada ka nuna wa yaran garejinka bidiyon nan. Na san wancan dogon, zai kwance birkin babur ɗin mutane ya tafi gwaji a filin makaranta.

Naka har kullum,
ubangidanka na Zazzau